Yadda Injin Sajan Sila Ya Yi Boko

A Zuru, in ka ji babur ya tsaya kuma tun ba a kashe shi ba an fara lacca, to Injiniya Yazid ne ya iso. Malami ne a wata 'yar kwalejin fasaha mai zaman kanta da ke bayan gari, yana koyar da fannin na'urori masu sarrafa kansu, watau irin injin da ke duba aikinsa ya gyara da kansa ba sai mutum ya tsaya a kansa ba. A faɗarsa, da hukuma ta ba shi dama, da tuni ruwan saman ƙasar Zuru ya san lokacin farawa da na ɗaukewa. Fankar ofishinsa dai sai an tura ta da tsinken tsintsiya take juyawa, amma ya ce wannan laifin magina ne.

Ana nan sai shugaban kwalejin, Dakta Joel, ya tara malamai ya ce za a buɗe Cibiyar Haɗin Gwiwa da Masana'antu. Akwai ofis mai kafet, akwai kujera mai juyawa, akwai mota. Duk malamin da ya fara nuna wa kwamiti aikin da ya haɗa ilimin aji da wata masana'anta ta gari, kuma aka ga abin yana aiki, shi ne darakta.

Kafin a tashi daga taron Yazid ya riga ya buga wa surukinsa waya a Danko, ya ce masa ya shirya, nan gaba kaɗan zai zo ya ga ɗansa a kan kujera, kuma a mota za a mai da shi gida.

Saura masana'anta. Ya je gidan burodi, suka ce sun gode, tanderunsu bai yi musu laifin komai ba. Ya je wurin masu ɗura ruwan leda, mai wurin ya tuna masa abin da ya yi wa famfon masallacinsu, wanda har yau ba ya kawo ruwa sai an idar da salla. Daga nan sai babur ya kai shi Rikoto, rumfar injin niƙan Sajan Sila.

Sajan tsohon soja ne, da kuɗin sallamarsa ya sayi injin. Kullum da safe mata sukan jera robobinsu a ƙofar rumfa su koma gida, robar kowace tana riƙe mata layi. In layin mace ya zo, Sajan ya juye hatsinta, ya niƙe, sannan ya ɗauki guntun ƙarfe ya yi ta ƙwala wa injin a haƙarƙari har sai ragowar garin da ya maƙale ya zubo. Ita kuma ta sa 'yar tsintsiya ta share bakin injin tas. Sai an yi haka ake zuba na wata.

Yazid ya tsaya yana kallon wannan duka, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Sajan, ka san ko kai mi ne ne?"

"Tsohon soja. Na yi Laberiya, na yi Saliyo."

"Kai masana'anta ne."

Sajan ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanonsa mai huji, ya dubi akuyar da ke lasar gari a bakin ƙofa. "Tun yaushe?"

"Tun da na shigo. Ni ne ilimi, kai ne masana'anta. A ƙasashen da suka ci gaba, in waɗannan biyu suka haɗu, sai dai ka ji ana ta ƙera jirage. Daga yau sunanka Manajan Darakta."

Sajan ya gyara tsayuwa. Shekarunsa masu yawa a soja igiya uku kawai ya samu, ga shi yau a tsaye ya zama darakta.

Matarsa Theresa, wadda ke karkaɗe buhu a gefe, ta ce, "Baban Divine, inji lafiyarsa lau. Mi za a gyara mai?"

"Madam, ba gyara za a yi ba," in ji Yazid. "Ilimi za a ba shi."

"To in ya yi ilimin zai yarda ya ci gaba da niƙa? Na ga masu ilimi ba su son ƙura."

"Maman Divine, wannan maganar daraktoci ce," in ji Sajan. "Koma bayan layi."

Abin da ya fi ɓata wa Yazid rai shi ne dukan. Ya ce wannan ba aiki ba ne, dambe ne. A littafi, inji ba ya zama da ciki wayam, kuma ba ya tsayawa don wata ta yi shara. Saboda haka ya kira mai walda aka ɗora duro biyu a kan injin, aka haɗa su suka zama ƙaton mazubi wanda kullum zai kasance a cike. A gaba ya kafa sikeli. Mace ta juye hatsinta a sama, sikeli ya auna, inji ya sako mata gari daidai nauyinsa ta ƙasa, nan take. Ba jira, ba duka, ba shara.

"Amma wanda ta zuba yana can sama," in ji Theresa. "Wanda ya fito na wa ne?"

"Madam, gari ai gari ne."

Wataƙila a wani wuri haka ne. A Rikoto mace ta san dawarta kamar yadda ta san kukan ɗanta. Ta san gonar da aka nomo ta, ta san wanda ya yi sussuka, ta san yawan tsakuwar da ta tsince da hannunta. Ko cikin cokali na garinta ya bi robar maƙwabciya, sai an yi gaisuwa da fuska a ɗaure har kaka ta zagayo.

Gwaggo Indo ce ta fara, domin ita ce babba a layi. Ta juye farar dawarta, injin ya yi tari, ya sako mata garin masarar da Yazid ya yi gwaji da ita. Ta ɗebo ta shinshina.

"Ɗan nan, dawa na kawo."

"Gwaggo, duba sikeli. Nauyi ɗaya ne."

"Sikeli za ni tuƙa wa Malam?"

Basira, wadda ke bin ta a layi, ta zuba gero, ta sami dawar Indo. Wadda ke bayanta ta zuba masara, ta sami geron Basira da ɗan abin da ba a gane ba. Kafin hantsi kowace mace tana riƙe da abincin gidan wata, ana ta leƙa robobi kamar ana neman ɗan da ya ɓata a kasuwa.

Yazid ya hau kan benci. "Iyayena, ku kwantar da hankali. In aka haɗa ku gaba ɗaya aka yi lissafi, babu wadda ta yi asarar ko ƙwaya."

"Gaba ɗayanmu miji guda muke aure?" in ji Basira.

Ya ce ƙaramar matsala ce, irin wadda ake samu a farkon kowane babban aiki. Ya raba mazubin gida biyu, ya kafa masa idon lantarki mai gane launi. In ido ya ga fari ya tura dama, in ya ga ja ya tura hagu. Ya ce ko a birnin tarayya ba a kai ga wannan ba tukuna.

Idon ya yi aikinsa bilhaƙƙi. Ya ga jar dawa, ya tura hagu. Ya ga busasshen barkonon da wata ta kawo, ya tura hagu. Sai ga Mama Magdalene, wadda ke dafa burukutu a bayan kasuwa, da buhun tsironta, watau dawar da aka jiƙa ta tsiro aka shanya. Ido ya duba, ya ga ja, ya tura hagu.

Duk matar da ta taɓa riƙe muciya ta san abin da garin tsiro ke yi wa tuwo. Da yammacin nan aka yi ta tuƙi a Rikoto, tuwo ya ƙi haɗuwa. A ƙara gari, ya ƙara tsinkewa. Magidanta suka wanke hannu suka zauna, aka kawo musu tuwo a kofi. Wanda ya daure ya kurɓa sai ya kama atishawa, don barkonon ma ya sami rabonsa.

Da gari ya waye rumfar Sajan ta cika, amma ba da robobi ba.

"Sajan, a gidan Malam an sha tuwo jiya," in ji Gwaggo Indo. "Tun da nike ban taɓa ganin an sha tuwo ba. Kuma an ce mini abin da munka sha ɗin rabin hanyar burukutu ne. Malam ya kwana yana istigfari yana atishawa."

"Ke kin ma sami abin sha," in ji Mama Magdalene. "Ni tukunyata tana can shiru kamar an yi mata rasuwa. Masu zuwa wurina sun ɗanɗana sun ce ko na tuba ne ban faɗa musu ba."

"Tsironki yana cikinmu, Magdalene, zo ki karɓa."

"Dawarki tana tukunyata, Indo, ta ƙi yin komai. Halin gidanku ta ɗauko."

Yazid ya iso a kan babur, ya saurari kowa, ya ce abin farin ciki ne, domin wannan shi ake kira sakamakon gwaji, kuma babu binciken da ke ci gaba sai da shi. Mata suka kwashi robobinsu suka nufi wani injin da ke can ƙarshen kasuwa, wanda mai shi bai taɓa yin sa'ar haɗuwa da ilimi ba.

Sajan ya ga layi ya watse, idonsa ya yi ja. Ya ɗauko guntun ƙarfensa ya ƙwala wa injin irin ta dā. Bai san Yazid ya sa jiniya ba, wadda za ta yi kuka duk lokacin da aka taɓa lafiyar na'ura. Jiniya ta ɗauka. Unguwar kuwa rabinta tsofaffin sojoji ne. Nan da nan sai ga su suna fitowa daga gidaje, wani da singileti, wani da kumfar aski a gemu, suka jeru a ƙofar rumfa ƙirji a gaba suna jiran oda. Da suka ji abin da ya faru, wani tsohon kofur ya ce tunda an riga an fito, a ba su ko kunu. Theresa ta ce akwai tuwon jiya, ga kofi.

Dukan ya karya sikelin. Sajan ya ce shi dai a sauke masa durorin nan, ya haƙura da daraktan.

"Manaja, yanzu da aka kusa?" in ji Yazid. "An riga an buga katin gayyatar bukin nuna wa kwamiti, da sunanka. Za a ɗauki hotonka da shugaban kwaleji. Ka taɓa ganin an ɗauki hoton wancan na ƙarshen kasuwa?"

Sajan ya shafa gashin baki. "Da kakina zan fito?"

"Har da lambobin."

A madadin sikeli, Yazid ya ciro idon lantarkin ya dawo da shi bakin da gari ke fita, ya saita shi yana kallon inda ake ajiye roba. Inji zai yi ta zuba gari har sai idon ya ga fari ya taso, alamar roba ta cika, sai ya tsaya. In kuwa ya zuba bai ga fari ba, to ƙoƙarinsa ne ya gaza, sai ya ƙara wuta. Aka gwada da baƙin daron Theresa, ya cika, injin ya tsaya cak. Yazid ya yi murna har ya cire makunnin ya sa a aljihu, ya ce injin da ke da makunni bai gama yarda da kansa ba. Ya kuma haɗa masa tankin mai na biyu, don kada ya ji kunya a gaban baƙi.

Ranar buki aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. 'Yan kwamiti suka zauna a gaba. Surukin Yazid ya iso daga Danko a motar haya, ya sallami direban, tunda an ce a mota za a mai da shi. Matan Rikoto suka zo kansu da ƙafarsu, ba mai hatsi ko ɗaya, suka sami inuwa suka zauna irin zaman masu jiran kokawa. Sajan ya fito cikin kakin da ya daina rufe cikinsa tun zamanin mulkin soja.

Dakta Joel kuwa, don a san ilimi ne ya zo da kansa, ya sako baƙar rigar nan mai faɗi ta bikin yaye ɗalibai, da baƙar hula mai tuntu.

Yazid ya yi jawabi. Ya ce yau aji ya sauko kasuwa, kasuwa ta hau aji. Ya ce daga Rikoto za a wuce Danko, daga Danko sai ƙasashen waje. Ya ce nan gaba mace za ta kwanta a ɗakinta ta yi tunanin tuwo, inji ya ji.

"A kofi ko a kwano?" in ji wata murya daga inuwa.

Aka cika ɓangaren dama da farar masara, aka roƙi shugaba ya karɓi garin farko da hannunsa. Dakta Joel ya ɗauki roba ya tara. Mai hoto ya ce ya ɗan matso, ya ɗan juyo, ya ƙara matsowa. Ya matso har faffaɗar rigarsa ta shiga tsakanin idon da robar.

Yazid ya haɗa waya biyu, inji ya tashi.

Gari ya zubo lallausa, aka yi tafi. Roba ta cika, aka ƙara tafi. Gari ya fara zuba a kan takalman shugaba.

"Injiniya, ina ce ya isa," in ji Dakta Joel, yana murmushi saboda hoto.

"Ranka ya daɗe, shi ya san lokacin da ya isa. Kada ka motsa, za ka rikita shi."

Idon dai yana kallon gabansa, baƙi yake gani. Injin ya ɗauka ƙoƙarinsa ne ya gaza, ya ƙara wuta. Ya sake dubawa, baƙi. Ya ƙara. Rumfa ta ɗauki rawa, durorin sama suna kaɗawa, gari ya bar zuba ya koma feshi. Dakta Joel ya so ja da baya, amma garin ya riga ya rufe masa tabarau, kuma tarin da ke ƙasa ya kama masa ƙafafu har ƙwauri.

"Kashe shi," in ji Dakta, bakinsa cike.

Sajan ya kai hannu wurin makunni, ya tarar da rami. "Ina abin kashewa?"

"Yana aljihuna, Manaja. Ba ya bukata."

Sajan ya murɗe famfon mai. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya tuna da tanki na biyu, ya dawo da ƙarfin da ya fi na dā. 'Yan kwamiti suka ɗaga kujeru suka kare fuska. Sajan ya ga ba sauran dabara, ya ɗauki ƙarfe ya ƙwala. Jiniya ta ɗauka. Tsofaffin sojoji, waɗanda wannan karon suna wurin a zaune cikin kayan fita, suka miƙe suka jeru cikin farin hayaƙin, ba mai ganin na kusa da shi.

"Magdalene, kina gani?" in ji Gwaggo Indo.

"Ina gani. Matsa mini, kanki ya tare ni."

Gari ya hau rigar shugaba daga ƙasa, ya rufe ciki, ya rufe kafaɗa, ya rufe hula har tuntunta. Da ya zama ba sauran baƙi ko ɗigo a jikin Dakta Joel, idon ya duba, ya ga fari tas, ya gamsu. Injin ya tsaya cak.

Gari ya ci gaba da sauka a hankali a kan kawunan manyan baƙi.

Yazid ya karkaɗe wuyan rigarsa, ya ɗauki lasifika. "Jama'a, kun shaida. Da kansa ya tsaya. Babu wanda ya taɓa shi."

Farin gunkin da ke tsaye a gaban injin ya ɗaga hannu a hankali, ya cire tabarau. Idanu biyu suka bayyana. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya miƙa wa Theresa robar da ladabi.

"Injiniya Yazid."

"Ranka ya daɗe."

"Na ga haɗin gwiwa. Na ji shi har cikin kunnena. Ya yi kyau ƙwarai, har ba na son a raba ku. Daga yau kai ne wakilin kwaleji a wannan masana'anta. Ba ka da aji, ba ka da ofis, sai ranar da kowace mace a nan ta ce hatsinta ya koma hannunta."

"Ranka ya daɗe, batun cibiya fa? Da motar?"

"Motar za ta kai ni wanka."

Sajan ya ƙame ya sara wa shugaba, maɓallin kakinsa ɗaya ya yi tsalle. Sannan ya juyo ya dubi Yazid irin kallon da yake yi wa sababbin kurata a bariki, ya ce a sauke duron hagu.

Aka shimfiɗa tabarmi aka juye. Jar dawa ce da tsiro da barkono, da geron da idon bai san inda zai kai shi ba, duk a cakuɗe tun ranar da aka sha tuwo. Theresa ta kifa wani tsohon turmi, ta ajiye faifai a gabansa. Mata suka tashi daga inuwa suka jera robobinsu, wannan karon ba wadda ta koma gida.

"Jar dawata mai manyan ƙwaya ce, ta gonar tudu," in ji Basira. "In ka sa mini ta fadama zan gane."

"Nawa mai ɗan gemu ne," in ji Mama Magdalene. "Ka bi a hankali, kada ka karya mai."

Yazid ya zauna a kan turmin, ya ja faifai, ya fara tsinta ƙwaya ƙwaya yana atishawa. Wani mai wucewa ya tambaye shi lafiya, ya ce bincike ne, an shiga mataki na biyu.

Surukinsa, wanda tun ɗazu yake tsaye da gari a gira yana tunanin inda zai sami motar Danko, ya matso, ya zagaya turmin, ya ɗan taɓa shi da sanda.

"Yazidu, wagga ita ce kujerar?"

"Ta wucin gadi ce, Baba."

"Tana juyawa?"

Yazid ya ɗan gwada da ƙugunsa. Turmin ya karkata, ya dawo.

"Ana kan aikin, Baba."